Sharhin Mako: Kafin A Yi Zancen Disneyland, Ina Filin Wasan Unguwa?

   

Yau maganar yara za mu yi, kuma a kan wasansu za mu tsaya. Na san akwai dattijon da zai ce: duk abin da ya dame mu, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga na asibiti, a rasa abin ɗaukowa sai wasa? Baba, a yi mini haƙuri a saurare ni zuwa ƙarshe. Inda yaro yake yini in ya taso daga makaranta, da wanda yake tare da shi, da abin da yake gani a wurin, su ne rabin tarbiyyarsa, ko mun shirya masa wurin ko ba mu shirya ba.

Abin da ya jawo zancen kuwa sananne ne a kowane gida. Da zarar Turawa sun shiga dogon hutunsu na watan Yuli da Agusta, sai wayoyinmu su cika da hotuna. Ɗan'uwa ya turo daga Hamburg, ga 'ya'yansa a kan lilo suna ihu. 'Yar'uwa ta turo daga Italiya, ga nata a cikin kwalekwalen roba ruwa yana fallatsa musu. Yaranmu na nan Akra su karɓi wayar su ƙura mata ido, can ɗaya ya ɗago ya ce, "Mma, mu yaushe za a kai mu?" Uwa ta ce, "Allah ya kawo lokaci." Tambayar yaron nan ta cancanci amsar da ta fi wannan, ita ce kuma za mu nema yau.

Mu fara da can ɗin, tunda can ne idonsu yake. Gaskiya ne Turai tana da wuraren wasa da suka amsa sunansu. Wanda ya fi shahara shi ne Disneyland na Paris, da aka buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992, kimanin kilomita 32 gabas da birnin. Amma shi yaro ne a cikinsu. A Copenhagen, babban birnin Denmark, lambun Tivoli yana karɓar baƙi tun 1843, kuma shi kansa Walt Disney sai da ya je ya duba tsarinsa kafin ya buɗe nasa a Amurka a 1955. A Vienna ta ƙasar Ostiriya akwai Prater, wanda da can dajin farautar sarakuna ne, sai Sarki Joseph na Biyu ya buɗe wa talakawa shi a 1766. Ƙaton lilonsa mai juyawa, mai tsayin kusan mita 65, an kafa shi ne a 1897, yana kuma aiki har gobe.

Mutanenmu na Jamus sun san Europa-Park da ke garin Rust, wanda iyalin Mack suka buɗe a 1975. Na Italiya sun san Gardaland, shi ma na 1975, a bakin tafkin Garda, tsakanin Verona da Brescia inda 'yan Gana suka yi yawa. A Billund ta Denmark akwai Legoland tun 1968, inda aka gina garuruwa sukutum da 'yan tubalan roba. Wanda ke Hamburg ma ba sai ya bar gari ba: ga gidan namun daji na Hagenbeck tun 1907, wanda ya yi suna da raba mutane da zakuna da rami mai faɗi maimakon kejin ƙarfe.

To amma hoto ba ya nuna rasit. A ranar cunkoso tikitin mutum ɗaya a Disneyland kan kai Yuro 100, har ya wuce. Mai mata da 'ya'ya uku sai ya yi lissafi da kansa, ya kuma juya shi zuwa sidi. Wanda zai taso daga Akra kuwa, tun kafin kuɗin jirgi da masauki akwai kuɗin neman biza: tun daga watan Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko kwabo.

Duk da haka, wanda Allah ya hore wa zai kai iyalinsa, ga 'yan shawarwari. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, don farashin kan sauya da rana, kuma tsakiyar mako ya fi Asabar da Lahadi sauƙi. A sani cewa da tsayin yaro ake ba shi izinin hawa manyan liluna, saboda haka kada a yi wa ƙarami alkawarin abin da za a hana shi a bakin ƙofa. A yi guzurin abinci in wurin ya yarda, don ba ko'ina ake samun na halal ba. A rubuta lambar waya a sa wa kowane yaro a aljihu. Sannan a tuna akwai wurare masu kyau na kyauta: a Landan ba a biyan kuɗin shiga babban gidan tarihin halittu, inda ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da suke, haka ma gidan tarihin kimiyya da ke maƙwabtaka da shi. Prater ɗin da na ambata ma shigarsa kyauta ce, abin da ka hau kawai za ka biya.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya yi wa ɗan'uwansa mai turo hoto: tsakaninka da Allah, sau nawa kake kai su a shekara? Zai ce maka sau ɗaya, wata shekarar ma ba a zuwa. To sauran kwanakin fa, ina suke wasa? Zai ce maka akwai ɗan fili a bayan gidansu, tafiyar minti biyar, ba a biyan komai. Jama'a, wannan ɗan filin da ba a ɗaukarsa hoto, shi ne abin da yaran Turai suka fi namu da shi. Kuma ba daga sama ya faɗo musu ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin Amsterdam ya fito a jigace. Ga kangwaye, ga ƙarancin gidaje, ga haihuwa ta ƙaru, yara sun cika titi. A 1947 hukumar birnin ta ba wani matashin mai zanen gine-gine, Aldo van Eyck, aikin tsara ɗan filin wasa a wata unguwa. Abin da ya sa a wurin bai taka kara ya karya ba: ramin yashi, da 'yan ƙarafan hawa da reto, da bencin da iyaye za su zauna. Ba katanga, ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi. Da mutanen sauran unguwanni suka gani, sai suka shiga rubuta wa hukuma takarda cewa su ma a yi musu. Daga 1947 zuwa 1978 an yi irin waɗannan filaye fiye da 700 a birnin nan guda, da yawansu a kangon gida, ko kusurwar titi, ko fegin da aka yi watsi da shi.

Da motoci suka yi yawa kuma sai wata masifar ta taso. A shekarar 1971 kaɗai mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin mota a Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito, suka tare tituna, suka matsa wa gwamnati lamba, har aka fara rage gudun mota a cikin unguwanni ana ware wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanyarsu. A Ingila kuwa tun 1938 aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon hana mota bin wani titi don yara su yi wasa. A 2009 wasu iyaye a birnin Bristol suka farfaɗo da abin: su nemi izini, su rufe layinsu na awa biyu ko uku, manya su tsaya a bakin layi, yara su fito. Malamanmu kuma su saurari wannan: Efteling, wurin wasan da ya fi kowane girma a Holan, wanda miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara, asalinsa filin motsa jiki ne da limaman coci suka nema wa yaran garinsu a shekarun 1930, kafin a mayar da shi yadda aka san shi a 1952.

Mu dawo gida. Me ya sa unguwanninmu Nima da Mamobi ba su da irin waɗannan filaye? A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya sami izinin zama a wannan wuri daga masu ƙasa, mutanen Ga na Osu. Lokacin nan daji ne, zangon fatake da masu shanu. Bayan yaƙi sai tsofaffin sojoji da masu neman abinci suka yi ta kwararowa daga arewacin ƙasar nan, da Najeriya, da Nijar, da Mali, da Togo, da ƙasar Mosawa. Da yake wurin yana wajen iyakar birni a wancan zamani, Turawan mulki ba su auna shi sun fitar da tituna da filaye ba kamar yadda suka yi wa Ridge da Cantonments, unguwanninsu da ke nan kusa da mu. Kowa ya sami wuri ya kafa ɗaki. Ɗa ya yi aure a ƙara masa ɗaki a tsakar gida, baƙo ya zo a yanka masa wani, har tsakar gidan ta ƙare. Karamcin iyayenmu ne ya cika unguwar, ba abin kunya ba ne. Amma sakamakonsa shi ne yau akwai lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace.

To a ina yaro zai yi langa? A ina yarinya za ta yi ampe ko 'yar carafke? Abin da ya rage musu shi ne bakin babbar gota, wadda in damina ta kankama a watan Mayu da Yuni ruwanta ke iya tafiya da babba balle yaro. Ko gefen titi tsakanin motocin trotro da masu babur. Ko shagon wasan kwamfuta, wanda sau da yawa yana jingine da shagon cacar ƙwallo. Uwar da ta ji tsoron duk waɗannan sai ta kulle ɗanta a ɗaki ta miƙa masa waya, ya yini a kanta. Filin Kawokudi yana nan, Allah ya saka wa waɗanda suka hana a cinye shi, amma samari masu ƙarfi ne ke da shi da yamma. Ɗan shekara biyar ba shi da rabo, yarinya kuwa ba a ma zancenta.

Kuma mun ga abin da fili ke haifarwa. Mohammed Kudus a Nima aka haife shi a shekarar 2000. A ƙungiyar Strong Tower ta unguwar nan ya fara, a filin ƙasa mai ƙura, kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, ya wuce Denmark, ya je Ajax ta Amsterdam a 2020, ya ci wa Gana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, daga baya ya koma Ingila. Ba kowane yaro ne zai zama Kudus ba, ba kuma don a samu 'yan ƙwallo nake wannan magana ba. Amma duk wanda ya yi tafi ranar da ya ci ƙwallayen nan, ya tambayi kansa: filin da ƙannensa za su taka yau, yana ina?

Ba za a ce ƙasar nan ba ta taɓa tunanin abin ba. A watan Fabrairun 1990 Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya tanadi haƙƙin yaro na hutu da wasa. Wadda ke shugabantar hukumar kula da yara ta ƙasa a shekarun nan ita ce marubuciya Efua Sutherland, matar da ta yi ta fafutukar a haɗa wa yara filin wasa da ɗakin karatu wuri guda. Ta rasu a 1996, sunanta ne kuma ke kan babban filin yara da ke Ridge, daura da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, fili mai kusan eka 15 a tsakiyar birni. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 da 1990 suna tuna ɗan jirgin ƙasan da ke zagaya shi. Shekara da shekaru ke nan jaridu na kawo hotunan lilunan da tsatsa ta ci da ciyawar da ta rufe wurin, an kuma sha yin alkawarin gyara. Daga Nima zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Filinmu ne, ya kamata muryarmu ta fi ta kowa ƙarfi a kansa.

Haka gidan namun daji. Yaran yau da yawa ba su san cewa a nan Kanda yake da ba, maƙwabcinmu, inda Kwame Nkrumah ya fara tara dabbobi a bayan fadar Flagstaff. Yaran Nima da ƙafa suke zuwa kallon zaki. A 2006 aka tashe shi don a gina sabuwar fadar shugaban ƙasa, aka kwashe dabbobin zuwa Kumasi, daga baya aka sake kafa shi a dajin Achimota. Wurin shaƙatawa ɗaya da yaran Zango ke kaiwa ba tare da kuɗin mota ba ya tafi, ba a kuma ba su madadinsa ba.

Amma kada mu zauna jiran gwamnati alhali akwai inda za mu iya kai su tun wannan makon. Gidan namun dajin na Achimota yana buɗe, sai dai a riƙe hannun yara, a tsaya inda aka ce a tsaya. Ba mu manta da mutumin da ya haura shinge a watan Agustan 2022 zaki ya hallaka shi ba. Ga dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, a daidai inda ya tsaya ya shelanta 'yancin kai a watan Maris na 1957. An gyara shi an sake buɗewa a watan Yulin 2023, da maɓuɓɓugan ruwa da ɗakin kayan tarihinsa. Yaron da ya haddace sunan Nkrumah don jarrabawa, in ya tsaya a gaban kabarinsa ya ga motarsa, gani ya kori ji. Ga gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe ranar 5 ga Maris 1957, aka kuma sake buɗe shi a 2022 bayan dogon gyara. A irin waɗannan wurare kuɗin shigar ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba, na yaro kuma ya fi sauƙi, don haka a tafi da katin shaida.

Mai son iska da inuwa ya hau trotro daga Madina ya haura dutse zuwa Aburi, inda lambun itatuwa yake tun 1890. A dafa shinkafa da wake a gida, a soya ƙosai, a ɗauki tabarma da buta, a yi sallar Azahar a ƙarƙashin bishiyar da ta girmi kakan kowa, yara su yi gudu a kan ciyawa har su gaji.  Makarantar da za ta iya ɗaukar bas ta kai ɗalibanta Shai Hills a hanyar Akosombo su ga gwaggon biri da barewa a dajinsu, ko Kakum kusa da Cape Coast su bi gadar igiya a saman itatuwa. Kafin a tashi dai a bincika ranar buɗewa da kuɗin shiga, don suna sauyawa. Har a cikin unguwa akwai abin zuwa: ɗakin karatun yara na Nima da Mamobi, wanda ƙungiyar Kathy Knowles, 'yar ƙasar Kanada, ta kafa tun ƙarshen shekarun 1990. Ga Babban Masallacin Ƙasa a Kanda da aka buɗe a watan Yulin 2021, mai kama da manyan masallatan Istanbul. Yara nawa ne uba ya kama hannunsu ya zagaya da su cikinsa, ya nuna musu ƙubba da rubutun bango, ba ranar Juma'a cikin turereniya ba?

Wannan ya kawo mu kan ranar Sallah. Mun san yadda ake yi. An sauko daga Idi, an ci tuwo, yara sun sha sababbin kaya, sun zaga dangi sun tara barka da Sallah. Washegari sai ka gan su garke guda, babbansu bai fi shekara goma sha biyu ba, goye da ƙaninsa, sun tsayar da trotro za su Labadi ko wani babban kanti. Uba yana majalisa, uwa tana kan tukunya ko tana karɓar baƙi. Jama'a, tekun nan namu ba kogi ba ne. Igiyar ruwansa tana ja ta ƙasa, wanda ya iya iyo ma tana galabaitar da shi, ranar biki kuma cunkoso ba ya barin a lura da yaro guda. Ba sai an kawo mummunan labari ba sannan mu ce ƙaddara. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. A 2025 majalisar dokoki ta ƙara mana ranar hutu guda bayan ƙaramar Sallah. Alhaji, wannan ranar ba ka da uzurin aiki. Ka sa ta zama ranar da kai da kanka za ka fita da su.

Wanda yake ganin hakan zubar da girma ne, ya tambayi malaminsa. Ya tabbata cewa ranar Idi Habashawa sun yi wasansu na masu a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ita da kanta ta gaji. Ya tabbata jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar don kada ya katse wa yaron jin daɗinsa. In wanda ya fi kowa girma ya ba wasan yaro lokaci, wane ne ni, wane ne kai?

Saboda haka ga kirana, kuma kowa da nasa. Ga majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda aka kafa a 2018 don a kawo hukuma kusa da mu: kowane asambuliman, wato kansila, ya zaga yankinsa da takarda da biro, ya rubuta duk kusurwar da ta zama bola, da duk kangon da aka bari, da duk harabar makarantar gwamnati da ake kullewa da ƙarfe uku. Fili mai faɗin ɗaki huɗu ya isa ramin yashi da lilo biyu da benci. Inda babu ko wannan, a ba da izinin rufe layi ɗaya ranar Lahadi daga La'asar zuwa Magariba. Muna rufe titi don biki da suna da zaman makoki ba wanda ya ce uffan. Rufe shi don yara bai fi waɗannan wuya ba.

Ga masu riƙe da Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017: filayen ƙwallo masu ciyawar roba da aka yi a wasu unguwanni abin yabo ne, amma samari kaɗai suka amfana. Duk filin da za a ƙara, a ware gefe guda na ƙanana da 'yan mata, a kuma sa kuɗin kula da shi a cikin lissafi tun farko. Iskar teku tana cin ƙarfe a garin nan. Lilon da ba a shafa wa fenti da mai, shekara biyu ya zama abin yanka yara. Rashin kula ne ya kashe filayen da muke da su, shi ne kuma zai kashe sababbi.

Ga sarakunanmu da limamanmu da masu makarantun Islamiyya: ku ne ake jin maganarku a kan fili da gado. In za a faɗaɗa masallaci ko makaranta, a bar wa yara 'yar haraba. Kowace makaranta ta sa fita ɗaya a shekara cikin tsarinta, iyaye su riƙa tara sidi kaɗan-kaɗan tun farkon zango. Ga samarinmu masu zaman shayi a majalisa: ku ne za ku tsaya a bakin layi ku tare babur, ku ne za ku raka yaran da ubansu ba ya gari, don ɗa na kowa ne. Ga 'yan'uwanmu na Turai kuma: kun ga abin da idonku, 'ya'yanku suna cin moriyarsa kullum. Kuɗin tikitin iyali guda na yini ɗaya, in ƙungiyarku ta haɗa irinsa goma, masu waldar unguwar nan za su ƙera liluna da matakalar hawa da za su yi wa yara ɗari aiki. Ku ɗauko mana hoton ɗan filin bayan gidanku da awonsa, a ba maƙera su gani.

Iyayena mata, ku ne kuka fi kowa sanin inda yara ke yini, ku ne kuma kuka fi yawa ranar zaɓe. Duk ɗan takarar da ya shigo lungunku neman ƙuri'a, bayan gota da fitila da ruwa, ku ƙara masa da tambaya ɗaya: a ina yaranmu za su yi wasa, kuma yaushe? Kada ku sallame shi sai ya ambaci wuri da wata.

 Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana su a gida da waje.